Yayana da Hanyar Ruwan Gidansa

Na Allah ne mu, wurinsa kuma kowa zai koma. Yayana ya riga ni komawa.

Ya rasu cikin bazara, lokacin da ƙasa ke gasa tafin ƙafa, bayan ya daɗe kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Ba zan ɓoye ba, sa'ad da matarsa ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Ya tahi," hamdala ce ta fara fita daga bakina. Mutumin da bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba, a ce shi ne kwance yana kallon rufin ɗaki, ana juya shi kamar jariri. Ya huta. Kuka sai daga baya ya zo.

Masu gaisuwa suka cika gida. Ni kuwa na zauna bakin ƙofar ɗakina ina duban kowa, don haka aka halicce ni, abu ba ya wucewa ta gabana ban gan shi ba. Matan Kamba, dangin matarsa, suka sauko daga mota suna fifita da bakin mayafi, gumi har wuya. Suna ƙetare zaure sai ta gabansu ta ja ta tsaya.

"Kai! Gidanga da sanyi shi ke, awa bakin gulbi."

Sannan ta tuna gidan rasuwa ta shigo, ta kama baki, ta fara, "Ya haƙuri? Ya haƙuri?"

Dangin uwarmu na tsallaken iyaka, can cikin Binin, suka iso kan babura suna ta yarensu na Dandanci. Wata tsohuwa cikinsu ta zube gindin mangwaro tana kuka da gaske. Nunanne ya faɗo kusa da ita, ta ɗauka, ta goge da zane, tana kuka tana tsotsa. Ban ga laifinta ba. Da mai itacen yana nan, da ya ƙaro mata.

Ta tsagar zanar da ta raba mu da maza ina hangen wani tsohon Bafulatani zaune gindin tsamiya, sandarsa a cinya. Ina kuma jin wani yana cewa marigayi mutum ne mai haƙuri, aka amsa masa da "ƙwarai, ƙwarai." Wanda ya faɗi haka bai zauna da shi ba. Yaya ba ya haƙuri da mutane. Da itace yake haƙuri, da ƙasa, da ruwa. Shi ya sa na ce a rubuta wannan, kada a manta da shi, kada kuma a tuna da wani mutum daban a ce shi ne.

Ta wannan tsagar kuma na ga abin da ya hana ni sakewa. Jama'a ta yi yawa, wurin shimfiɗa tabarmi ya ƙare. Samarin unguwa, da kyakkyawar niyyarsu, suka dubi kwarin da ya ratsa filin gidan, suka ce yana cin wuri. Suka sa lauje suka yanke ciyawar jemar da ke gefensa, suka kawo yashi a amalanke suka cike shi, suka baje, suka shimfiɗa tabarmi a kai. Don girmama Yaya suka binne hanyar ruwan Yaya. Ba ni da ikon ratsa taron maza in yi faɗa ran da aka kai ɗan uwana. Na haɗiye.

Sai na faɗi abin da wannan kwari yake. Gidanmu a gangare yake, tudu a gabas, fadama a yamma. In aka yi ruwa, duk abin da ya sauka a unguwar tudu ta kanmu yake son bi. Fili ne da kowa ya ƙi, shi ya sa ya faɗo hannun Yaya lokacin da zai yi aure. Bai yi gini ba. Bukka ya kafa a gefe, ya zauna ya ga rani, ya ga bazara, ya ga damina, mutane na yi masa dariya. In hadari ya sauko kowa na gudu ɗaki, shi sai ya ɗauki malafa da fartanya ya fita ya tsaya tsakiyar ruwa. Ba aiki yake ba, kallo yake. Inda ruwa ya bi sai ya kafa tsinke. Da damina ta wuce, tsinkayen nan suka nuna masa layi tun daga sama har ƙasa. Ya bar layin nan ba a taɓa ba, ya ɗan zurfafa shi, ya buɗe rariya babba a katangar sama, wata a ta ƙasa. Ya je fadama ya tono jema, ciyawar nan mai dogayen saiwoyi da ake saƙa zana da ita, ya dasa a gefe da gefe don ta riƙe ƙasa. Sannan ya yi ɗakuna a inda ruwa ya bar masa.

Bai daina fita cikin ruwa ba har ya kwanta ciwo. Matarsa, wadda muke wasa da ita tun tana amarya, takan leƙo ta ce da ni, "Ga yayanki can ya tahi gaisuwar surukai."

Shi kuwa in ya dawo yana ɗiga sai ya ce, "Ku yi dariya. Ruwa ba shi neman izini. In ba ka ba shi ƙofa ba, shi yi ma kainai, kuma ta ɗakinka shika yi."

Rana ma haka ya yi mata. Yakan ɗauki buzu ya zauna nan yau, gobe can, yana duban inda inuwa ke faɗawa. Ya ce ranar hantsi ba ta cutar kowa, ta la'asar ita ce muguwa, ita ke shiga bango ta kwana ciki. Don haka ya jera mangwaro da tsamiya a yamma, inda ƙasa take baƙa mai riƙe laima. A gabas, inda iskar hadari ke fitowa, ƙasa kuwa tsakuwa ce, ya sa darbejiya, amma nesa da katanga, don reshe in ya karye kada ya sauka kan rufi. Zogale da ayaba a bakin inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Kafin ya dasa kome sai ya ɗebi ƙasar wurin, ya tofa mata ruwa, ya murza a tafin hannu, ya sansana. In dashe ƙarami ne sai ya binne tsagaggen tulu kusa da shi ya riƙa cikawa, ruwan na tsatsowa a hankali. Babu matar da ta isa ta jefar da fasasshen tulu a gidan nan. An taɓa kawo masa dashen itacen turare daga tsallaken iyaka, aka ce yana saurin girma. Ya juya shi, ya mayar wa mai shi. "Wanga rijiya shika sha. Tahi ka kai ma wanda ba ka so."

Tsohon Bafulatanin nan na gindin tsamiya, da faɗa suka san juna. Tsamiyar tana ƙarama, ba ta kai gwiwa ba, shanunsa suka ture ƙaya suka cinye kanta. Yaya ya tashi ko hula babu, ya bi sawu har ruga, yana masifa tun daga nesa.

Bafulatani ya ce, "Haba Kaɗo! Itace guda? Daji cike shi ke da itace!"

"Na daji Allah ya shuka! Wanga ni na shuka!"

Suka daɗe ba sa ko gaisawa. Sai wata shekara kogin Kwara ya cika ya haura, fadama duk ta zama ruwa, Fulani suka rasa inda za su tsayar da dabbobi. Manoma kowa ya tsare gonarsa. Yaya ya aika aka kira mutumin, ya nuna masa filin tsakuwa na bayan darbejiya.

"Kawo su nan su kwana. Kada ka ce na yahe tsamiyata, ban yahe ba. Shanunka za su biya da kashinsu."

Suka zauna har ruwa ya janye. Wurin da ko ƙaya ba ta fita da kyau, shekarar da ta biyo ya yi dawa. Tsamiyar kuma ta sake tofowa ta gefe, shi ya sa har yau take da gwiwa. Tun daga nan, in matar Bafulatanin ta shigo gari da nono, gidanmu take fara saukewa.

Ni ma mun yi da shi. Da mijina ya rasu na dawo gida, ya gina mini ɗaki can ƙarshen gangare, kusa da rariyar ƙasa. Na ce, "Yaya, wuri ya ƙare na da za ka kai ni bayan gida awa akuya?"

Ya ce, "Ke zahin kai gare ki. Na sa ki inda iska ka bi."

Na yi fushi, na shiga. Ɗakin nan, ƙofarsa ba ta kallon hadari, mangwaro ya tare masa la'asar, iskar fadama kuma ta nan take shigowa. Da bazara matan gidan nan a ƙofata suke tsefe kai. Amma ɗaki ne na ƙasa, a ƙasan gangare. Abin da ya tsayar da shi duk shekarun nan shi ne ruwa na wucewa ta gefensa cikin kwarin nan. In aka toshe kwari, ɗakina ruwa zai fara ci. Yaya ya san haka. Da yana kwance ba magana, in ya ji ƙarar ruwa a kan rufi sai ya kafa mini ido. In fita, in dubo, in dawo in ce, "Shina tahiya lahiya." Sannan ya lumshe ido.

Da aka watse daga zaman makoki, na sa ido in ga wa zai kwashe yashin. Babu. Sai wata safiya na ga turaku da igiya an ja a kan wurin.

Aikin babban ɗan Yaya ne. Yaro ne mai kirki, ba zan rage masa ba, shi ya riƙe jinyar ubansa. Amma ɗan fari ne, tun yana ƙarami aka kai shi riƙo Kamba wurin dangin uwarsa, ya dawo da gemunsa. Fatauci yake kan babur tsakanin Bagudo da bakin iyaka, ba ya wuni gida. Abin da ya sani shi ne gidan ubansa ruwa ba ya kwana a ciki. In ya dawo bayan ruwa sai ya tarar da tsakar gida fes. Aikin Yaya ya yi kyau har ya ɓoye kansa.

Uwarsa ba za ta iya yi masa magana ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsayar da shi ta ce kada ka yi. Ga ta kuma cikin takaba. Abin ya faɗo kaina. Na tare shi zai fitar da babur.

"Mi na na wagga igiya?"

"Sito za ni yi, Gwaggo. Buhuna na kwana waje. Ga wuri shimfiɗe, ba shi da aikin kowa."

"Hanyar ruwa ta."

Ya yi murmushi. "Ɗan kwarin nan? Sai a sa mai bututu ta ƙasa. Haka aka yi Bagudo yanzu."

"Ban san bututu ba. Na san ruwan unguwar tudu. Ka taɓa ganin shi?"

"Gwaggo, in ruwa ya taɓa ɗakinki, in gina miki na bulo da kwano."

"In gasu ciki? Ban roƙe ka ba." Na gyara tsayuwa. "Gidanka na yanzu, ba ni hana ka. Abu guda nika so. Ubanka bai taɓa aza ko tubali guda ba sai ya tsaya cikin ruwa ya gani. Ka jira ruwan hwari mai ƙarhi. Ka tsaya ciki. In ka gani ka ce a yi, ni da kaina za ni kawo ma magina hura."

Ya yi dariya, ya ce ya ji. Ya dakatar da magina, amma bai cire turaku ba, yashin ma bai kwashe ba, ya ce ai da shi za a yi aikin. Ban ƙara magana ba. Ba na maimaita zance. Na shiga ɗaki na ɗora akwatina da ƙoraina a kan gado, na rataye tabarmi, na koma kwana a gefen kaya. Kullum da rana ina duban gabas.

Matar Yaya ta leƙo ta ga kayan, ta koma. Washegari na ga malafar Yaya, wadda take rataye a ɗakinsa tun da ya kwanta, an fito da ita an rataye a zaure, daidai inda ɗan nata ke ajiye babur. An jingina fartanya a ƙarƙashinta. Na dube ta.

Ta ce, "Iska nika so ta sha. Kada ta yi hunhuna."

An yi yayyafi sau da dama, ƙasa ta shanye. Sannan ranar ta zo. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, darbejiyoyin Yaya suka sunkuya suna karɓar duka. Allah ya sa ɗan nasa yana gida, hadarin ya hana shi fita. Ruwa ya sauko kamar ana juye tulu. Ba a daɗe ba na ji gurnanin ruwan tudu, ya shigo ta rariyar sama ja wur, ya zo inda ya saba bi, ya tarar da yashi. Ya tsaya kamar baƙon da ya tarar da ƙofa a rufe. Sai ya bazu. Wani ya nufi gindin rumbu, mafi yawa ya gangaro wurina.

Na tsaya bakin ƙofa ina kallon shi yana hawa dokin ƙofa. Ya hau, ya shigo, ya rufe mini yatsu. Ina jin bangon baya yana shan ruwa. Ban kira kowa ba. Na riga na faɗi abin da zan faɗa.

Sai na ga malafa cikin ruwa.

Gabana ya faɗi, don tafiyar iri ɗaya ce, kafaɗa ɗaya a sama. Na ce a'uzu billahi, na sake dubawa. Ɗan ne, da fartanya a hannu. Tsorona ɗaya, kada ya ruɗe ya hau sara ko'ina, ya tura ruwan cikin rumbu. Bai yi ba. Ya zo tsakiyar fili ya tsaya, ruwa har idon sawu, yana juya kai, yana duban inda yake turawa. Ya daɗe a haka, ni kuwa ruwa na ƙaruwa a ɗakina, amma wallahi ban so ya yi sauri ba.

Sannan ya sunkuya ya sara wuri ɗaya. Ruwa ya kama bakin, ya fara kwasar yashi da kansa. Sai ga kututturan jema suna fitowa, layi biyu, dama da hagu. Lauje kai kawai ya yanke, saiwoyin suna nan sun riƙe gaɓa yadda Yaya ya bar su. Yaron ya bi tsakaninsu yana ja da fartanya, ruwa na bin bayansa, har rariyar ƙasa. Na ji ta ɗauki ƙararta da na sani. Na dubi ƙafata, ruwa yana komawa.

Ya koma ya tumɓuke turakun ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe igiyar a hannu. Ya zo ƙofata yana ɗiga, yana haki.

"Gwaggo, duk wanga ruwa ta nan shika bi?"

"Tun ba a haihe ka ba."

"Ban taɓa gani ba."

"Ubanka na gani maka."

Ruwa na zuba ta bakin malafa. Ya leƙa ɗakin, ya ga kaya kan gado, ya ga laka a ƙasa. Ya ce, "Bangon ya sha ruwa?"

"Ya sha. Ba shi faɗuwa. In rana ta hito a yaɓe."

Daga can ƙofar ɗakinta uwarsa ta ɗaga murya, ba shi take kallo ba, ni take kallo. "A ce ma wani ya shanya malafar mutane. Ba a aje ta jiƙe."

Ranar ce na fara jin dariya a gidan nan tun rasuwar.

Da safe na ga ya fita da fartanya, bai ɗauki babur ba. Ban tambaye shi ba. Sai hantsi ya dawo, laka har gwiwa, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Maƙabarta na tahi, Gwaggo. Ruwa ya so shi bi ta kan Baba. Na buɗe mai hanya ta gehe. Na kai jema na dasa."

Mu mata ba ma zuwa can. Tun da hadari ya fara haɗuwa abin yake raina, ban faɗa wa kowa ba, don ban ga wanda zan aika ba. Na ce, "Shina tahiya lahiya?"

Ya ce, "Lahiya lau."

Siton yana nan zai yi shi, can sama kan tsakuwa, amma ya ce sai ya ga inda la'asar ke bugawa tukuna. Jemar kwari ta tofo kore shar. An yaɓe bangona. Bafulatanin nan ya aiko da taki, bai ce na mene ne ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa zafin bakinsa, ya sanyaya masa makwanci yadda ya sanyaya mana gidan nan. Duk wanda ya taɓa zama a inuwar da ya dasa, ko ya tsotsi mangwaronsa, ya sa shi cikin addu'a.

Ni dai na sauke kayana daga kan gado.